Jif, kaki da kishin ƙasa a kan hanyar Boɗinga zuwa Shagari

Duk wanda ya taɓa zaman rabin yini a gindin dogon yaro a bakin titin Boɗinga ya san akwai motocin da ake bi da kallo. Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Tambuwal ta nufi Jega ba ta rabo da tirela da Kanta da ƙananan motocin haya, amma ba mai ɗaga kai dominsu. Waɗanda ake ɗaga kai a duba uku ne: Hilux mai fentin soja da bindiga kafe a bayanta, baƙar jif mai baƙin gilashi da jiniya a gabanta, sai farar Land Cruiser ta masu allurar rigakafi. Dukkansu an ƙera su ne don su bar kwalta su faɗa rairayi da laka. Sai dai ta farko addu'a ake bin ta da ita, ta biyu tsaki ko kirari, gwargwadon wanda ke ciki, ta ukun kuma yara ne ke bin ta a guje.

A Amurka ana yawan cewa son irin waɗannan motoci yana da nasaba da kishin ƙasa da aikin soja, kuma suna da hujja. A 1941 sojansu ya ba kamfanin Willys kwangilar wata 'yar mota mai ja da ƙafa huɗu, Ford ya shigo ya taya shi, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 sun ƙera kimanin 640,000. Samarin da suka tuƙa ta a Turai da Asiya suka dawo gida da nasara, suka tarar an fito da irinta ta farar hula, suka saya suka kai gona. Har gobe kamfanin Jeep yana cin abinci da wannan tarihi: yakan manna tauraron soja a jikin wasu motocinsa, kuma shekara da shekaru yana zuwa na ɗaya a kuri'ar jin ra'ayi da kamfanin Brand Keys ke yi kan hajar da Amurkawa suka fi dangantawa da kishin ƙasa. Haka Hummer ta fito kasuwa a 1992, bayan jama'a sun ga uwarta ta soja a talabijin lokacin yaƙin Tekun Fasha. Land Rover da Ingila ta fitar a 1948 a kan ƙashin jif aka fara gwada ta, Land Cruiser ta Japan ma tushenta motar da Toyota ya ƙera a 1951 ne, ana tsakiyar yaƙin Koriya. Kusan duk dangin nan a bariki aka yanke musu cibiya.

Mu ma kakanninmu sun san jif a fagen daga, amma ta wata fuska daban. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa suka cika bataliyoyinsu na Najeriya, sun yi yaƙin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu. A ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944 runduna ta 81 ta sare hanyar jif mai tsawon kusan mil 75 cikin duwatsu da ƙungurmin daji zuwa kwarin Kaladan, da adda da diga da shebur. Inda jif ta gaza kuwa, a ka aka ɗauki kayan. Wato shi ɗan Amurka ya tuna jif a matsayin wadda ta ɗauke shi, namu 'yan mazan jiyan sun fi tuna ta a matsayin wadda suka share wa hanya. Da aka sallame su wasu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci, suka zama direbobin En'e da na 'yan kasuwa, amma ba a ji wanda ya sayi jif da kuɗin sallama ba. Abin da yaƙin ya bar mana a fili shi ne sunayen barikoki: Dodan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya.

Abu uku ne suka haɗu a Amurka har mota ta zama tuta: ƙasar ce ta ƙera ta, an ci yaƙi da ita, kuma soja mai igiya biyu yana iya sayenta idan ya tuɓe kaki. A nan babu ko ɗaya da ya cika.

Sau ɗaya aka taɓa ɗaura wa mota kishin ƙasa a Najeriya, kuma ba jif ba ce, Fijo ce. Labarin ma ya biyo ta Shagari. Alhaji Shehu Shagari yana kwamishinan kuɗi na tarayya, tsakanin 1971 da 1975, gwamnatin Janar Gowon ta ƙulla yarjejeniyar harhaɗa motoci a gida, aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, daga baya shi kansa ya shugabanci hukumar kamfanin. Bayan an harbe Janar Murtala cikin baƙar Marsandi ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage bushasha, Fijo 504 ta zama motar manyan gwamnati. Ga shi kuma motar ta dace da ƙasar: tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, kowane bakanike ya san cikinta. A-kori-kurar 404 da ta 504 sun yi shekaru suna jigilar buhunan gero da albasa da mutane a kan kaya zuwa kasuwannin ƙauye, aikin da yau ake cewa sai mai ja da ƙafa huɗu. Abin dariyar shi ne, da mulki ya dawo hannun farar hula a 1979 aka koma Marsandi, har aka laƙaba wa wata ƙirarta sunan Shagari, mutumin da ya shugabanci Fijo, wanda kuma ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da son ƙawa ba. A wancan zamanin an harhaɗa Land Rover a masana'antar Leyland ta Ibadan, Steyr yana Bauchi, ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Duk sun durƙushe ko sun zama kufai da kuɗin mai ya ja baya aka karya darajar naira. Sai kasuwar Kwatano ta karɓi ragama.

Kada a ɗauka yankin nan baƙon soja ne. Barikin Giginya yana Sakkwato, can ne hedikwatar Runduna ta 8, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar birgediya-janar ne na sashen tankokin yaƙi kafin a naɗa shi a Nuwamba 2006. A ƙauyukan Boɗinga da Shagari ba a rasa gidan da ke da ɗa a kaki, ko wanda aka yi wa ta'aziyyar ɗa daga Borno. Idan ka zauna da wanda ya yi aiki a can ka kawo zancen Hilux ko Land Cruiser, za ka ji yabo har ka gaji: ba ta jin rairayi, in an sa mata giyar taimako tana fita daga laka, tana cin gurɓataccen mai ta yi shiru, ko harsashi ya huda jikinta tana kai mutane gida. Wannan so ne na gaske, kuma aikin soja ne ya haife shi. Amma ni a ganina sunansa yarda, irin yardar da mahayi ke yi wa dokin da ya taɓa fitar da shi daga kwanton ɓauna. Ba ya cewa motar ƙasata ce. Cewa yake ba ta cin amana.

Ta yaya ma za ta zama tutar wani, alhali kowa da ita yake yaƙi? Tun Janairu 1987, lokacin da sojan Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka murƙushe tankokin Libiya a Fada da a-kori-kurar Toyota masu ɗauke da makamai masu linzami da Faransa ta ba su, duk mai son tayar da ƙayar baya a Sahel ya gane darasin, har aka sa wa wannan faɗa suna Yaƙin Toyota. Da ita Boko Haram ta shiga garuruwan Borno, da ita soja suka kore ta. Mutumin ƙauye in ya hango ƙurarta daga nesa ba ya sanin gudu zai yi ko tarba sai ya ga fenti, wani lokaci fentin ma ƙarya ne.

Ita kuwa baƙar jif, kwarjini ake saya da ita. A 2023, da 'yan Majalisar Tarayya su 469 suka tashi sayen motocin aiki, manyan Toyota suka zaɓa, jaridu suka ruwaito cewa kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Da aka yi musu ca, aka ce ga Innoson a Nnewi yana ƙera jif, me ya hana a saya a gida, amsar da ta fito daga majalisar ita ce hanyoyin ƙasar ba su da kyau, sai mota mai ƙarko. Ban taɓa jin hujjar da ta tona asirin mai ita kamar wannan ba: wanda aka zaɓa ya sa a gyara hanya ya sayi abin da zai hana shi jin ramukanta. A lissafa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sai ma'aikaci ya shekara 190 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin guda. Kofur ɗin da ya san darajar motar a bakin daga ba zai mallake ta ba, mai ita kuma galibi bai taɓa kwana a rami ba.

Tarihin wannan ƙasa ma yana da abin cewa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Shi Abdullahin ne ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, da 'yan dawakai ƙalilan da 'yan baka masu tafiya a ƙasa, suka karya rundunar Gobir mai dawakin lifidi. Daga baya doki ya zama abin sarauta, na hakimi da mai hali, talaka ya ci gaba da jakinsa da raƙuminsa. Jif gadon dokin nan ta ci, da kirarinsa da zagagensa da ƙurar da yake bari a fuskar na ƙasa.

Gadon jaki kuwa babur ya ci, kuma shi ne ainihin abin hawan da ba ya neman kwalta a nan. Da damina ta zauna, hanyoyin da suka ratse daga babban titi zuwa ƙauyukan Danchadi ko Kajiji ko Dandin Mahe sukan koma kwazazzabai, fadama ta cika, ɗan kabu-kabu a kan Boxer shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun wake, in ruwa ya yi yawa a ɗaga babur ɗin a tsallaka da shi. Ba mai yi masa kirari. Rashin sa'a, abin da ya sa ya yi wa manomi daɗi shi ya sa ya yi wa ɗan bindiga daɗi: yana bin turbar shanu inda Hilux ba ta shiga. Ta'asar da ta fi ƙamari a Isa da Sabon Birni, wadda kuma ba ta ƙyale ƙauyukan Tureta da Shagari ba, a kan babura ake yin ta. Shi ya sa a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita goyo a babur da sayar da fetur a jarka, shi ya sa soja suka kafa bataliyar babura a Borno tun 2016, kuma da aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Sakkwato a 2024, babura aka haɗa musu da motocin sintiri.

Ba a zauna haka nan ba dai. Innoson ya sayar wa soja motoci, kuma a Disamba 2019 aka ƙaddamar da motar sulke ƙirar gida mai suna Ezugwu, wadda hukumar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna ta haɗa hannu da injiniyoyin soja ta fitar, aka sa mata sunan janar ɗin da ya shugabanci hukumar. Idan wata rana yaron Shagari ya tsira cikin motar da aka ƙera a Kaduna, ya dawo gida yana ba da labarinta a majalisa, a lokacin za a iya fara zancen da ake yi a Amurka. (Su ɗin ma, Jeep ɗin da suke wa kallon tuta tun 2021 yana hannun Stellantis mai hedikwata a Holand, Land Rover kuma Tata na Indiya ya saye shi a 2008.) Kafin nan, ka kai wa bakanike a Boɗinga kowace irin jif, ka ce masa ta gida ce, a taimaki ƙasa. Zai zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, sa'annan ya tambaye ka ko ana samun kayanta a Sakkwato, ko kuwa sai an aika Kano.