Dashen Ciki Ga Matan Da Shekarunsu Suka Ja: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, gama su ne ake kai wa ƙara in zama ya yi tsami tsakanin miji da mata a kan rashin haihuwa. Yanzu kuwa akwai wata sabuwar magana da takan zo gabansu. Miji ya sayar da gona ko shanu, ya kai matarsa asibiti a Abuja ko Legas don a yi mata dashen ciki, daga baya likita ya ce 'ya'yan tayin da aka samu ba su da kyau, ba za a dasa su ba. Su komo gida hannu wofi, dangi su ɗora wa matar laifi. Ya kamata mai sulhu ya san gaskiyar al'amarin kafin ya buɗe baki.

1. Mene ne dashen ciki?

Likita yakan yi wa mace allurai har ƙwayayenta su nuna da yawa a wata guda. Sa'an nan ya ɗebo su, ya gama su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji. Wanda ya kama ya zama ɗan tayi, a rene shi kwana 5 ko 6, kana a mai da shi cikin mahaifa. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Oldham ta ƙasar Ingila ran 25 ga Yuli, 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards.

2. Zaren gado

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu zaruruwa da likitoci ke kira kuromosom, watau zaren gado, su ne ke ɗauke da kamannin da ɗa ke gadowa. Tun 1956 aka tabbatar da cewa su 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba.

Malamin hakimi ya san abin da kan faru in ya kwafi littafin haraji ya tsallake shafi ɗaya, ko ya rubuta shafi ɗaya sau biyu: lissafi ba zai fita ba. To, haka ɗan tayi yake. In zaren ya zama 45 ko 47, galibi ba ya kama mahaifa, in ma ya kama sai a yi ɓari. Wajen rabin ɓarin da ake yi a watanni uku na fari wannan ne sanadinsa. Kaɗan ne kan kai haihuwa, kamar masu lalurar Down, wadda aka gane a Faransa a 1959 cewa zare na 21 ne yake zuwa uku maimakon biyu.

3. Dalilin da shekaru ke shiga ciki

Namiji yana yin sabon maniyyi kullum. Mace kuwa da ƙwayayenta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, ba ta ƙara ko ɗaya. Ƙwan da ta saki tana da shekara 40, shi ma shekararsa 40 ke nan a ajiye. Kowane manomi ya san irin da ya daɗe a rumbu ba duka ke tsirowa ba, kome kyan gona. Haka ƙwan da ya daɗe yakan yi kuskure sa'ad da yake raba zarensa.

A 2014 likitoci a Amurka suka ba da lissafin 'ya'yan tayi fiye da 15,000 da suka gwada. Ga matan shekara 35, wajen 35 cikin 100 ne ba su cika daidai ba. Ga na shekara 40, wajen 58. Ga na shekara 44, wajen 88. Ashe ke nan matar da ta haura 40, aka samo mata 'ya'yan tayi uku, aka ce duk ba mai kyau, ba wani abin mamaki ne ya same ta ba.

Lalle ne a gane wannan sarai: ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne, ba kuma wani abu ne da matar ta ci ko ta aikata ba. Har yanzu ba a sami magani ko abinci da ke gyara ƙwan da zarensa ya ɓaci ba. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗin mutane yake nema.

4. Gwajin ɗan tayi

Kafin a dasa, likita yana iya tsinko ƙwayoyi 5 zuwa 10 daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, ya aika a ƙidaya zarensu, a daskarar da ɗan tayin har amsa ta zo. Amsar iri uku ce. Ko dai zaren ya cika daidai, ko bai cika ba, ko kuwa a gauraye yake, watau waɗansu ƙwayoyin daidai, waɗansu ba daidai ba. Na ukun nan ba a gaggauta zubar da shi, domin tun 2015 likitoci a Rum ta Italiya suka ba da labarin jarirai lafiyayyu da aka haifa daga irinsa.

Gwajin yana da iyaka. Yana zaɓe ne kawai, ba ya gyarawa, ba ya kuma ƙara yawan masu kyau. Wani lokaci yakan yi kuskure, kuma ko wanda ya ce mai kyau ne ba kullum yake kai haihuwa ba. Amfaninsa shi ne rage ɓari da ɓata lokaci.

5. Hanyoyin da suka rage

Kowane ƙwai da rabonsa, saboda haka ɗiban da za a sake yana iya ba da mai kyau ko da na fari bai bayar ba. Amma kafin a sake, miji da mata su tambayi likita ƙiri-ƙiri: cikin mata 100 masu shekarun wannan, nawa suka rungumi jariri a hannunsa? Su kuma yanke tun da wuri sau nawa za su gwada, da abin da ba za su sayar ba ko ana ha maza ha mata.

A waɗansu asibitoci akan ba da shawarar a karɓi ƙwan wata mace. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen ciki in ƙwai na matar ne, maniyyi na mijin, ta kuma hana shigowar na uku. Wanda aka yi wa wannan tayi ya nemi malami masani tukuna. Har wa yau riƙon ɗan dangi ko maraya tsohuwar al'ada ce mai lada, ba kuwa abin kunya ba ce.

6. Abin da ake roƙon hakimai

(a) Su sa dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a kada a yi jinkiri. Matar da ba ta kai 35 ba ta ga likita bayan shekara guda ba ciki, wadda ta kai 35 bayan wata 6, wadda ta kai 40 kuwa nan da nan.

(b) Su nace a gwada miji shi ma, gama sau da yawa matsalar daga wajensa take, gwajinsa kuma ya fi sauƙi da araha.

(c) Su hana a kira mace juya a zaurensu. Wadda aka ce 'ya'yan tayinta ba su yi ba tana cikin baƙin ciki irin na mai ɓari, ko da ba a ga ciki ba. Jaje ya kamace ta, ba gori ba.

(d) Malamin da ya rubuta irin wannan ƙara ya riƙe ta amana, kada ta fita daga zaure.

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa halal ne. Hakimin da ya fahimci wannan bayani zai iya tsare aure da gona a zama ɗaya.