Tsiron Hulba da Annobar Jamus: Yadda Ɗanyen Ganye Ke Ɗaukar Cuta Mai Bijire wa Magani

A watan Mayun 2011, asibitocin arewacin Jamus, musamman na birnin Hamburg, suka cika da masu fama da gudawa mai jini, kuma kafin annobar ta lafa a watan Yuli, mutane fiye da 3,800 sun kamu, sama da 800 daga cikinsu ƙodarsu ta taɓu, fiye da 50 kuma suka rasu. Abin da ya haddasa ta wani nau'i ne na bakteriyar E. coli, wato ƙwayar halitta mai rai da ido ba ya gani, wadda akasarin danginta ke zaune a hanjin mutum da dabba ba tare da wata illa ba. Wannan nau'in, mai lamba O104:H4, yana manne wa bangon hanji ƙam, yana kuma fitar da dafin da ake kira Shiga, wanda idan ya shiga jini yakan farfasa jajayen ƙwayoyinsa ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda, har majinyaci ya buƙaci wankin ƙoda.

Gano tushen cutar ya ɗauki makonni, domin da farko hukumomin Hamburg sun ɗora laifin a kan kokwambar da aka shigo da ita daga Sifaniya, zargin da ya janyo wa manoman can asara mai yawa kafin gwaji ya wanke su. Matsalar ita ce majinyata suna tuna sun ci tumatir da latas da kokwamba, amma ba sa tuna ɗan tsiron da ake barbaɗawa a saman kwano don ado. Masu binciken Cibiyar Robert Koch, hukumar sa ido kan cututtuka ta Jamus, sai suka sauya dabara: suka bi sawun rukunin mutanen da suka ci abinci a wani gidan abinci a Lübeck, suka tambayi mai dafuwa abin da ya zuba a kowane kwano, har ta bayyana cewa waɗanda suka kamu an ba su tsiro ɗanye. Sawun ya kai ga wata gona a Bienenbüttel, kuma da irin wannan cuta ta ɓulla kusa da Bordeaux a Faransa a watan Yuni, hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai ta nuna cewa abin da ya fi yiwuwa ya haɗa wuraren biyu shi ne irin hulba da aka shigo da shi daga Masar a 2009, ko da yake ba a samu ƙwayar a jikin irin ba.

Dalilin da ya sa tsiro ke da haɗari a fili yake, domin ana tsirar da iri ne cikin ɗumi da laima na kwanaki, yanayin da bakteriya ta fi so, ta yadda 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a tsagar ɓawo kan zama miliyoyi kafin a kai kasuwa. Nama da hatsi suna bi ta wuta kafin su kai baki, amma ganyen da ake ci ɗanye ba shi da wannan kariya, kuma wanki yana rage ƙwayoyin ne kawai, saboda wasu kan ɓuya a ƙananan ramukan da ganye ke numfashi da su.

Nazarin ƙwayoyin gadon bakteriyar, wanda masana a Sin da Jamus suka kammala cikin 'yan kwanaki, ya fito da wani abin damuwa, wato tana ƙera sinadarin da ke lalata fenisilin da danginsa na antibayotik, magungunan da ake kashe bakteriya da su. Umarnin ƙera sinadarin yana kan filasmid, wani ɗan zoben gado da bakteriya ke miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Likitoci dama suna kaffa-kaffa da antibayotik a cutar da dafin Shiga ke haddasawa, don wasunsu kan sa ƙwayar ta ƙara zubar da dafi, amma darasin ya wuce wannan annoba: ganye na iya kai zoben bijirewa cikin hanjin mai lafiya, ya zauna shiru, sai ranar da ciwon mafitsara ko na jini ya zo a tarar magani ba ya ci. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijire wa antibayotik ya kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

A nan ne batun ya shafi masu lambu da masu cefane a ƙasar Hausa, inda noman rani a gefen birane, kamar na bakin kogin Jakara a Kano, ya daɗe yana dogara da ruwan da ya kwaso dattin gari, inda kuma kashin kajin gidan gona da aka ɗura wa magani ke tafiya kai tsaye zuwa fadama. Barin taki ya ruɓe sosai kafin a zuba shi, da dakatar da ban-ruwa da gurɓataccen ruwa kwanaki kafin girbi, da zuba ruwan a gindin shuka maimakon saman ganye, da daina yayyafa wa kaya ruwan bokiti ɗaya a kasuwa tun safe har yamma, duk suna rage haɗarin tun kafin latas da kabeji su isa hannun mai haɗa salak. Uwargida za ta wanke, kuma wajibi ne ta wanke da ruwa mai tsabta, amma mafi yawan aikin yana wuyan manomi da dillali da likitan dabbobi da hukumar da ke kula da magudanan ruwa.