Naci Da Basira Wajen Shelar Bishara

Akwai tambayar da ke yawan tasowa a tarurrukan matasa da na zumuntar mata a ikilisiyoyinmu. Idan mun yi wa maƙwabci ko ɗan'uwa maganar Yesu Almasihu ya ce ba ya so, mu sake komawa ne, ko kuwa mu ƙyale shi? Tambayar tana da nauyi a ƙasa irin Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100. A rijiya ɗaya muke ɗiban ruwa, kasuwa ɗaya muke ci, sau da yawa ma kaka ɗaya ta haife mu.

Bari mu fara duba tarihi. A 1893 matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan. A 1894 ciwo ya kashe biyu daga cikinsu. Bingham ya sake gwadawa a 1900, rashin lafiya ta mai da shi gida. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta kafa zango a Pategi, ba ta kuma iso Damagaram ba sai 1924. Shekara 31 ke nan. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse.

To, amma ba nacin kaɗai ya riƙe aikin ba. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi. Dubban waɗanda suka sha magani a wuraren nan sun koma gida da addininsu, amma sun koma da sanin cewa Kirista ba abokin gaba ba ne. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna mana. A Ayyukan Manzanni sura 19, Manzo Bulus ya yi wata uku yana koyarwa a majami'ar Yahudawa ta Afisa. Da waɗansu suka taurare suka shiga zagi, bai tsaya cacar baki ba. Ya koma makarantar Tiranus, ya yi shekara biyu yana koyar da masu son ji. Wato bai bar garin ba, wurin zama kawai ya sake. A Matiyu sura 10 kuwa, Ubangiji da kansa ya umarci almajiransa su wuce gaba idan gida ya ƙi karɓarsu.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni. Wanda ke yin tambaya, ko da da zafi ne, ƙofarsa a buɗe take, sai mu amsa masa da ladabi. Wanda ya ce a bar maganar, mu bar ta, amma kada mu bar gaisuwa, da zuwa suna, da ta'aziyya. Kada mu yi amfani da ciwon mutum ko yunwarsa mu matsa masa, domin amincewar da aka samu a kan gadon jinya ko gaban buhun hatsi ba daga zuci take fitowa ba. Yaran maƙwabta kuwa, kada mu koyar da su a ɓoye ba da sanin iyayensu ba. Zagin abin da wani ke girmamawa kuma bai taɓa jawo kowa ba.

Ba mu manta da watan Janairu na 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga. A kwanakin nan, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Zumuncin shekaru ne ya yi rana, ba gardamar da aka ci ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu nace da addu'a da aikin kirki, mu kuma san lokacin magana da lokacin shiru. Zafin nema ba ya kawo samu. Namu shuka ne da ban ruwa, juya zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Allah ya ba mu basira, amin.