Ɗan Kunkuru Da Sanyin Hunturu: Haƙƙinsa A Kan Mai Riƙonsa

Idan kaka ta wuce, aka gama ɗaure gero da kakkaɓe riɗi a ƙasar Gagarawa, iskar gabas takan taso da ƙura, dare ya yi sanyi har tsofaffi su nemi kaskon wuta. A wannan lokaci kowane mai gida yakan tuna da dabbobinsa. A gyara wa awaki rumfa, a toshe kafofin akurki, a yafa wa doki bargo. Amma akwai wata dabba da ba a cika tunawa da ita ba, alhali kuwa ana ajiye ta a wasu gidaje na ƙasar Gumel, watau kunkuru. Babba yakan jure. Ɗan ƙarami kuwa, wanda bai wuce tafin hannu ba, sau da yawa ba ya ganin bazara. Sai a wayi gari a tarar da shi a lungu ya sandare, a ce kwanansa ne ya ƙare. Haƙiƙa kwana ya ƙare, amma kowane abu da sababinsa, sababin nan kuwa galibi shi ne irin makwancin da aka ba shi.

Asalinsa da gidansa na daji

Babban kunkurun tudu, mai ƙwarya kalar rairayi da ƙayoyi a bayan cinya, ɗan ƙasa ne. Mazauninsa shi ne gefen Sahara na kudu, tun daga Sanigal da Muritaniya, ya ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Habasha. Masana halittu suna kiransa sulkata. Duk duniya iri biyu ne kaɗai suka fi shi girma, su kuwa a tsibiran teku suke zaune. Namiji riƙaƙƙe yakan kusanci nauyin buhun gero, yana kuma iya kai shekaru 70 ko fiye. Wanda aka riƙe a fadar Sarkin Ogbomosho a Jihar Oyo, mai suna Alagba, ya mutu a watan Oktoba na 2019. Mutanen fada sun ce ya shekara 344, masana kuwa ba su yarda da wannan lissafi ba, ko da yake ba wanda ya musa cewa ya tsufa ƙwarai.

Abin da ya kamata mai riƙo ya fara sani shi ne, kunkurun daji ba a fili yake kwana ba. Yakan haƙa rami mai tsawon taku da yawa, ya shige. Ƙarƙashin ƙasa zafin bazara ba ya kai masa sosai, sanyin hunturu ma haka, akwai kuma 'yar laima wadda iskar waje ba ta iya busar da ita. Uwa takan binne ƙwai 15 zuwa 30, 'ya'yan su fito kowane kamar inci 2, su ɓuya a ramuka da gindin ciyawa. Ramin nan shi ne rigarsu, shi ne bargonsu. To, wanda ya ɗauko ɗan kunkuru ya ajiye shi bisa daɓen siminti ya tuɓe masa riga ke nan, wajibi ne kuwa ya ba shi madadinta.

Yadda yake numfashi

Ɗan Adam idan ya ja numfashi haƙarƙarinsa yakan buɗe, tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki ya sauka, iska ta shiga. Kunkuru ba shi da wannan dama. Haƙarƙarinsa ya haɗe da ƙwaryarsa ya zama abu guda, ba ya motsi. Huhunsa yana sama, manne da rufin ƙwarya, kayan ciki suna ƙarƙashi. Da naman cikinsa da motsin ƙafafunsa yake jawo iska ya fitar. Saboda haka ba ya iya tari irin wanda zai kakkaɓo majina daga ƙirji. Abin da ya shiga huhunsa yakan zauna, ya taru, har ya toshe hanyar iska. Don haka ne kuma idan yara suka kifar da shi rigingine suka bar shi, nauyin kayan cikinsa yakan danne huhun, ya galabaita.

Na biyu, jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya ko kaza. Daga rana yake aro. Idan ya yi sanyi, narkewar abinci takan tsaya, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta ya raunana, ƙwayoyin cutar da dā ba su iya yi masa kome sai su samu ƙofa. A watannin Disamba da Janairu sanyin asuba a wannan yanki yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin zafi, alhali ɗan kunkuru ya fi son dare kada ya gaza kamar 25, rana kuwa wajen 30, da wurin shan hantsi mai ɗan fin haka. Ga ƙurar hunturu tana shiga hanci, ga hayaƙin murhu. Waɗannan uku, sanyi da ƙura da hayaƙi, su ne manyan abokan gabarsa. Na huɗu shi ne jiƙa tare da sanyi, kamar a ajiye shi kusa da randa ko magudanar ruwa.

Alamomin ciwo

Kunkuru ba ya kuka, ba ya nishi kamar tunkiya, don haka sai an lura. Lafiyayye hancinsa busasshe ne, idanunsa a buɗe suna ƙyalli, in an ɗaga shi a ji nauyi, ya kuma yi ta shure-shure. Mai ciwo kuwa za a ga kumfa ko majina a ƙofar hanci, wani lokaci ya riƙa goge ta da hannu har ta bushe a kai. Idanu su kumbura ko su manne. Ya daina ci, ya kwanta wuri guda. In abin ya yi nisa ya miƙe wuya sama, ya buɗe baki yana neman iska, a ji wata 'yar ƙara kamar fito. Wanda ya kai nan ciwon ya riga ya sauka huhu, jinkirin kwana biyu ma hasara ne.

Abin yi na farko shi ne a ɗumama shi, a raba shi da sauran in akwai, a goge hancin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, sa'an nan a kai shi wurin likitan dabbobi. In abin ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitocin koyar da likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Magani da awo ake ba shi, gwargwadon nauyin jiki, ɗan kunkuru kuwa bai fi ƙwan kaza nauyi ba.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga masu fataucin dabbobi, irin waɗanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, domin su ne magungunan dabbobi ba sa rabuwa da aljihunsu. Maganin tsutsa da kaska da ake kira ibamektin, wanda ake yi wa awaki da shanu allurarsa, dafi ne ga kunkuru. Yakan shanye masa jiki har numfashi ya tsaya. Likitoci sun bayyana wannan tun 1983. Haka kuma kada a ɗura masa jiƙo ko ruwa a baki da ƙarfi, gama yana iya bi ta hanyar iska. Kada a shafa masa man zafi a hanci, kada a turara shi.

Ginin makwanci

Rigakafi ya fi magani. A zaɓi kusurwa a tsakar gida wadda hantsi ke sauka a kanta, da inuwa kuma idan rana ta take, nesa da madafa da turken dabbobi. A kewaye ta da tubali, a nutsa gindin ginin cikin ƙasa domin shi mahaƙi ne. Kada a yi shingen da yake hango waje ta cikinsa, gama zai yini yana tura kai har ya ji rauni. Daɓen ya zama ƙasa ce ta gona wadda zai iya tonawa. Siminti yakan ɗauki sanyi da dare, ya ɗauki zafi da rana. Toka da ƙaiƙayi da garin katako kuwa duk ƙura ne, ba su dace ba.

A samu fasasshiyar tukunya a kife ta, a binne rabinta, a bar ƙofa. Wannan ita ce madadin rami. Da hantsi, lokacin da gari ya yi ɗumi, a yayyafa wa ƙasar cikinta ruwa kaɗan, ta yi laima ba caɓi ba. Fa'idar laimar nan ba ƙarama ba ce. A 2003 wasu likitocin dabbobi na ƙasar Ostiriya sun buga sakamakon gwajin da suka yi da 'ya'yan wannan irin kunkuru, suka nuna cewa waɗanda aka rena a busasshiyar iska ƙwaryarsu takan yi tudu-tudu maimakon ta tashi sumul. A rufe saman wurin da ragar waya saboda shaho da hankaka da muzuru da gafiya, a kuma lura da tururuwa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kada ƙarami ya kwana waje. Kafin magariba a sa shi cikin akwati mai kafofin iska da busasshiyar ciyawa, a kai shi ɗaki mai riƙe ɗumi, a ɗora bisa wani abu kada ya taɓa ƙasa. In sanyi ya tsananta a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye gefe guda. Kada a kusantar da shi ga garwashi ko turaren wuta ko hayaƙin maganin sauro. Da safe kuma a dakata sai rana ta ɗaga tukuna. A bazara hatsarin yakan juya: wanda aka bari cikin roba ko daro a rana, ba inuwa, yana iya mutuwa kafin a dawo daga kasuwa.

Ruwa da abinci

Wasu sukan ɗauka kunkuru da kififiya abu guda ne, su jefa shi cikin ruwa. Kififiya ce mai iyo. Kunkurun tudu nutsewa yake yi, ko da an tsamo shi kuwa, ruwan da ya shaƙa yana iya zame masa ciwon huhu. A zuba ruwa mai ɗan ɗumi a faranti, kada ya wuce haɓarsa, a bar shi ciki kamar minti 15 da hantsi, a tsane shi kafin a mayar.

Abincinsa ciyawa ce, irin su harkiya da guɗe-guɗe da burburwa, da ɗan ganyen rama ko yakuwa, da kabewa ko karas jefi-jefi, domin rashin sinadarin da ke cikinsu yakan raunana fatar cikin hanci da ido. A barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai dafaffe saboda ƙashi, hasken rana kuwa shi ke sa jiki ya amfana da shi. Tuwo da ƙanzo da dusa da nono da nama ba cimarsa ba ne, ko da an ga yana ci. Al'adar huda gefen ƙwarya a ɗaura igiya kuma abin bari ce, gama ƙwaryar ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya.

Lafiyar mutanen gida

Kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela a kashinsa ba tare da ta dame shi ba, amma takan sa wa mutum zawo da zazzaɓi, musamman ƙananan yara. Saboda ita ne hukumar Amurka ta hana sayar da kunkuru da kififiya waɗanda ba su kai inci 4 ba tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kada a wanke farantinsa tare da kwanukan abinci, kada a bar mai rarrafe ya yi wasa da shi. Wanda aka kawo daga daji kuma a duba shi saboda kaska. A 2000 Amurka ta hana shigar da wannan iri ƙasarta, domin kaskar da ke jikinsa tana iya ɗaukar ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki da awaki.

Abin da ya fi

Kunkurun nan yana ƙarewa a daji. Gonaki sun ci mazauninsa, dabbobi sun cinye ciyawarsa, gobarar daji da kamun masu sayarwa sun ƙara. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin hatsarin ƙarewa. Tun 2000 kuma yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya da Nijar suke cikinta, ta hana fitar da kamun daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin wannan haja ya san matsayinta. Almajirin da ya je itace ya ga ɗan kunkuru a gindin sabara, mafi alheri malaminsa ya hore shi ya bar shi inda ya gan shi.

Amma wanda ya riga ya daɗe a gida, balle mai majina, kada a kai shi daji a sake. A hamadar Mohabi ta Amurka ciwon hanci ya kashe kunkuran daji masu yawa, aka gano ƙwayar cutar a 1994, ana kuma kyautata zaton na gida da mutane suka saki sun taimaka wajen yaɗa ta. Sai a ci gaba da riƙonsa da kyau, ko a miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji.

Malamai sun fi kowa sanin labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba, sun kuma san makomarta. Wanda ya tsare kunkuru ya hana shi haƙa raminsa, nauyin ɗuminsa da ruwansa da ciyawarsa ya koma wuyansa. Abin da ake bukata bai wuce fasasshiyar tukunya da ɗan tubali da akwati da lura ba. In an yi haka, ɗan kunkurun da yaro ya riƙe a tafin hannu bana yana iya zama a gidan har jikokin yaron su gan shi. Haza wasalam.