ZIYARAR GIDAJEN TARIHI DA SAURARON LACCA TA WAYAR HANNU

Iware gari ne a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola ta Jihar Taraba, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo zuwa Wukari, kuma ya yi suna saboda kasuwar shanunsa. A irin wannan kasuwa ba abin mamaki ba ne yau a ga dillali ya ɗauki hoton bijimi da wayarsa ya aika wa mai saye da ke can Kudu, a yi ciniki a gama ba tare da sun haɗu ba. To, wannan wayar da ake cinikin sa da ita, ita ce kuma za ta iya shigar da mutum gidan tarihi na London ko na Paris, ko ta zaunar da shi gaban shehun malami yana ba da lacca.

Yadda abin yake

Ziyara daga nesa dabara ce mai sauƙin fahimta. Ana shiga da kyamara cikin gini, a ɗauki hoton kowace kusurwa, gabas da yamma, sama da ƙasa, sa'an nan kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama ɗaya. Mai kallo sai ya riƙa jan yatsansa a fuskar waya, yana juyawa, yana matsawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Kamfanin Google ya fara irin wannan aiki da gidajen tarihi a 2011, shi ne abin da ake kira Google Arts & Culture yanzu. Lacca kuwa iri biyu ce: akwai ta kai tsaye, wadda mai sauraro zai iya yin tambaya a amsa masa nan take, akwai kuma wadda aka ɗauka aka ajiye, a saurara sa'ad da aka ga dama. Abin ya bunƙasa ƙwarai a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da gidajen tarihi a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya.

Kayan gida a hannun baƙi

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Iware da gidan tarihin Turai? Ruwansa kuwa babba ne, gama kayan kakanninsa suna can.

Mumuye, waɗanda ƙasarsu ta haɗa da Zing da Yorro da Lau da kewayen Jalingo, suna da gwanayen masassaƙa da suka riƙa sassaƙa mutum-mutumi na itace masu dogon jiki da hannuwa a lanƙwashe. Masu magani da masu duba su ne suka fi ajiye su. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin yaƙin basasa, dillalai suka kwashe su da yawa suka fitar da su ƙasashen waje, har ya zama yau sun fi yawa a Turai da Amurka bisa ga ƙasar da aka yi su. A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya shirya babban baje kolin sassaƙe-sassaƙen kwarin Binuwai, na Mumuye da Jukun da Chamba da sauransu. Kayan suka zaga Amurka, suka je Paris. Yaron da aka haifa a Zing bai gan su ba. Amma hotunan irin waɗannan kaya suna nan a shafukan manyan gidajen tarihi, kyauta, ga duk wanda ya rubuta sunan ƙabilarsa ya nema.

Abin lura a nan shi ne, bayanin da ke ƙarƙashin hoton sau da yawa gajere ne. Galibi ba sunan masassaƙi, ba sunan ƙauye. An ma daɗe ana jingina wa Chamba aikin Mumuye kafin a gane kuskuren. Dattijo guda da aka nuna wa hoton a tsakar gidansa yana iya faɗin abin da masana suka shekara suna nema: sunan abin da harshensa, da wanda ya cancanta ya taɓa shi, da lokacin da ake fito da shi. Saboda haka wannan ziyara ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Ya kamata a nuna wa tsofaffi tun suna raye, a rubuta abin da suka faɗa.

Ganin hoto dai ba dawo da kaya ba ne. Amma wanda bai san inda dabbarsa ta kwana ba, ba shi da ta cewa wajen cigiya. Mutanen Benin sun nuna hanya: a Nuwamba 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, wanda ya tattara bayanin kaya 5,246 da ke warwatse a gidaje 131 cikin ƙasashe 20. A watan Disamba na shekarar, Jamus ta miƙa wa Nijeriya wasu daga cikin tagullan Benin a Abuja. Har wa yau a tuna, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izni ba. Wanda baƙo ya taya wa tsohon abin gado, ya sanar da hukumar.

Malaman zaure su ma suna da rabonsu. A Maris 2022 aka sa shafuka fiye da 40,000 na tsofaffin littattafan Tumbutu a intanet, na fiƙihu da taurari da magani, a rubutun hannu. Mai sha'awar kimiyya kuma zai tarar da hotunan taurari da madubin hangen nesa na James Webb ya fara aikowa a Yuli 2022.

Matsaloli da maganinsu

Matsala ta farko kuɗin data ne da ƙarancin wuta. Bidiyo yana cin data fiye da hoto nesa ba kusa ba, don haka malamin makaranta ya fi kyau ya saukar da laccar sau ɗaya a inda sabis yake da ƙarfi, ya nuna wa aji bayan aji. Waya guda ta isa yara goma idan an zauna da tsari.

Ta biyu harshe. Yawancin laccocin da Turanci ko Faransanci ake yin su. A sami mai fassara, a riƙa tsayar da maganar yana juyawa da Hausa, ko Fulatanci, ko Mumuye, yadda ake yi wa tafinta a kotu.

Ta uku ta fi haɗari, watau ƙarya. Ba kowa da ya kunna kyamara ya ce shi masanin tarihi ne ya san abin da yake faɗa ba, kuma tarihin ƙabilu abu ne da ake iya hura wutar gaba da shi, balle a jiha mai harsuna da yawa kamar Taraba. Kafin a tara yara ko a tura wa wani, a duba wanda ya shirya laccar: jami'a ce, ko gidan tarihi, ko kuwa mutum ne da bai bayyana sunansa ba. Idan akwai shakka, a tambayi malaman tarihi na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo.