Mai Shan Propranolol Don Fargaba, Kada Ka Yanke Ta Rana Ɗaya

Akwai wata ƙwaya da likitoci kan rubuta wa masu fama da faɗuwar gaba, waɗanda zuciyarsu ke dukan uku-uku, hannu na karkarwa, zufa na keto musu ko da a lokacin hunturu. Sunanta propranolol, wasu sun fi saninta da Inderal. Asalinta maganin zuciya ne. Wani masani ɗan Sukotlan, James Black, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1960 domin masu ciwon ƙirji, har aikin ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1988. Daga baya aka lura tana kwantar da alamomin tsoro da ke bayyana a jiki, sai aka fara ba masu fargaba ita.

Yadda take aiki ba wuya a gane. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki wani sinadari da ake kira adrenalin, shi ke sa zuciya gudu. Ƙwayar tana tare wuraren da sinadarin ke kamawa a zuciya, sai bugun ya lafa. Amma tunanin da ke damun mutum yana nan yadda yake, domin ƙwayar jiki take kwantarwa, ba ta taɓa damuwar kanta.

Tana da nata laifin tun ana cikin shanta. Wasu kan ji tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau, wasu kasala da jiri idan sun miƙe da sauri, wasu kuma munanan mafarkai. Wasu magidanta kan ga ƙarfinsu ya ragu a shimfiɗa, kunya ta hana su faɗa wa likita, sai su jefar da maganin a ɓoye. Mai asma kuwa bai kamata ya kusance ta ba, domin tana iya matse hanyoyin numfashi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin shi ma ya yi hattara: tana ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke sanar da shi sugansa ya faɗi, sau da yawa zufa kaɗai ke rage masa a matsayin gargaɗi.

Babban haɗarin yana wajen dainawa. Idan mutum ya ɗauki makonni ko watanni yana shan ta kullum, jiki kan ƙara yawan wuraren da adrenalin ke kamawa, don ya rama abin da aka tare masa. Ranar da aka yanke ƙwayar kwatsam, sai sinadarin ya tarar da ƙofofi fiye da da, duk a buɗe. Cikin kwana ɗaya zuwa uku zuciya ta fara gudu fiye da yadda take kafin a soma magani, jini ya hau, kai ya yi ciwo, jiki ya ɗauki rawa, barci ya gagara. Abin kan iya kaiwa mako biyu kafin ya lafa.

Nan ne mutane ke ruɗewa, domin waɗannan alamomin su ne dai na fargabar da ta kai su asibiti. Wani ya ce cutar ce ta dawo da ƙarfinta, wani ya ce ya kamu da ƙwayar ba zai iya rayuwa babu ita ba, a wasu gidajen ma a fara zancen iska ko sammu. Propranolol ba ta sa maye kamar tramol, ba ta kuma sa mutum ya riƙa ƙwaɗayinta. Jiki ne kawai ya saba, kuma yana buƙatar lokaci ya koma daidai.

Ga mai ciwon jijiyoyin zuciya, yankewa rana ɗaya na iya jawo matsanancin ciwon ƙirji, har da bugun zuciyar da ke kisa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa an rubuta wannan gargaɗi a takardar maganin. Matsalar ita ce mutane da yawa suna ɗauke da ciwon ba su sani ba, musamman waɗanda suka haura shekara arba'in kuma suna da hawan jini ko suga.

Shi ya sa likita kan rage adadin sannu a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, yana duba bugun zuciya da hawan jini. Wanda yake shan ta jefi-jefi, misali kafin ya yi jawabi a taro, galibi ba ya shiga wannan hali.

A wajenmu abin da ke sa a yanke ba ya wuce kuɗi sun ƙare, ko an yi tafiya an manta da ita, ko azumi ya zo an ajiye magani gaba ɗaya. Kafin watan Ramadan ya kama, a je a tambayi likita yadda za a daidaita lokutan sha da sahur da buɗa-baki. Kada a bari ƙwayar ta ƙare kafin a sayo wata, kada kuma a saye ta a kemis don kawai ta yi wa wani aboki amfani. Duk wanda ya daina, sannan ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko yana neman suma, a garzaya da shi asibiti nan take.