Yadda Ingilishi Ke Bayyana Lokaci Mai Zuwa

Aikatau na Ingilishi yana sauya siffa domin nuna abin da ya wuce, kamar yadda "walk" ke komawa "walked", amma ba shi da ɗafa-ƙeya, wato ƙwayar ma'anar da ake liƙa wa ƙarshen kalma, wadda ke nuna abin da bai auku ba tukuna. Shi ya sa harshen ya jingina da mataimakan aikatau, ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin aikatau su ɗauki nauyin lokaci, aikatau kuwa ya zauna a siffarsa ta asali.

Wanda ya fi yaɗuwa cikinsu shi ne "will", wanda a tsohon Ingilishi yake nufin so, abin da ya sa har yanzu ake jin ƙanshin niyya ko alkawari a "I will pay", yayin da "shall" ya samo asali daga kalmar bashi da wajibci. A 1653 wani masani mai suna John Wallis ya rubuta ƙa'idar da ta ware "shall" ga mai magana, "will" kuma ga saura, ƙa'idar da ta fi daɗewa a aji fiye da bakin jama'a, domin yau "shall" ya fi zama a takardun shari'a da tambayar neman shawara irin "Shall we go?"

Sai "going to", wanda ake ɗauka idan an riga an ƙudurta abu ko alamarsa ta bayyana, kamar "It is going to rain" bayan hadari ya haɗu. Wannan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda "za" na "za ni kasuwa" tafiya yake nufi, kuma shi ne ya zama alamar lokaci a "za su ci". Aikin da zai kasance ana cikin yinsa yana ɗaukar "will be" da aikatau mai "-ing", wanda zai riga ya kammala kuwa "will have".

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne bayan "when" da "if" na sharaɗi, domin nan Ingilishi ba ya karɓar "will" ko da maganar gobe ake yi. Abin da Hausa ke faɗa da shuɗaɗɗen lokaci a "idan ya zo", Ingilishi da siffar lokacin yanzu yake faɗarsa: "when he comes", ba "when he will come" ba.